Tambaya: wajen IT (koyon aiki na ɗalibai) da aikin sa kai, ina ya kamata mutum ya nufa a Kano?

Ɗan_Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan abu biyu. Na gama ND1 (shekarar farko ta difloma) a fannin lantarki, za mu fita SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, na wata huɗu, har an raba mana takardar neman gurbi. Wasu abokaina sun nufi manyan ma'aikatu saboda suna, wasu kuma sun ce a samu inda za a buga maka hatimi kawai ka yi zamanka a gida. Na biyu, yayata ta gama digiri a ilimin zamantakewa, tana jiran kiran hidimar ƙasa. Tana son ta shiga aikin sa kai kafin nan, amma Baba ya ce wahalar banza ce mutum ya yi aikin da ba biya. Don Allah masu sani, yaya ake zaɓen wuri, kuma me ake samu a ciki na haƙiƙa?

Malamin_Fasaha ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren SIWES, na yayarka akwai waɗanda suka fi ni saninsa.

Hukumar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ita ce ta ƙirƙiro shirin a 1973, saboda masu masana'antu suna ƙorafin cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai taɓa inji ba. Ɗan kwalejin fasaha yana yin wata huɗu bayan ND1, ɗan jami'a wata shida. Ban da wannan, akwai shekara guda ta sanin makamar aiki da ake buƙata bayan ND kafin a shiga HND (babbar difloma). Ke nan wata huɗun nan share fage ne: inda ka yi shi da kyau, nan ne wurin farko da za ka koma neman ta shekara ɗayan.

Kada ka tsaya wuri ɗaya da takardarka. Yi kwafi biyar ko shida, ka kai da ƙafarka, da safe kafin ƙarfe goma, ka rubuta ranar da ka kai da sunan wanda ya karɓa. Takardar da aka bar wa mai gadi yawanci a nan take kwana. Bayan mako guda ka koma ka ji bayani. Kafin ka amsa kowane wuri, yi tambaya uku: wa zai riƙa koya mini, wane aiki zan taɓa da hannuna, kuma 'yan IT nawa ne a sashen? Idan an ce ku ashirin ne a ƙarƙashin injiniya ɗaya, to benci za ka ɗumama. Wannan ita ce matsalar manyan ma'aikatun da abokanka ke rububi. Kowa can ya nufa, kayan aikinsu masu tsada ne ko masu haɗari, babu mai yarda ya miƙa wa ɗan wata huɗu. Sai a mayar da ku 'yan aike: kwafin takarda, sayo abinci. Suna kam akwai, amma ranar da za ka kare rahotonka ba sunan za a tambaye ka ba.

Sai takardu, don a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Da ka fara aiki, cike fom ɗin fara aiki da ake kira SCAF, wurin aikin ya sa hannu da hatimi, ka kai ofishin ITF na Kano a makonnin farko. Wanda ya bari sai ƙarshe, sunansa kan faɗi daga lissafi. Logbuk, littafin rubuta aikin da ka yi, kullum ake cike shi, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Kada ka rubuta "na taya aiki". Rubuta abin da aka yi da adadinsa: an ja waya 2.5mm zuwa soket shida, an gwada da mita, an samu ɗaya ba ya kawo wuta saboda sukurun ya kwance. Ka zana hoton haɗin a shafin zane. Wanda ya zauna ya cike na wata huɗu a dare biyu ana gane shi, biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, babu lamba ko ɗaya a ciki. A ƙarshe akwai Fom 8 na kammala aiki, kai da wurin aikin da makaranta kowa yana da gurbin cikewa.

Maganar a buga hatimi ka zauna a gida, ka bar ta. Malamin makaranta yana zuwa duba ku, kuma ba lallai ya sanar ba. Ko ka tsira daga wannan, ka zubar da wata huɗun da a duk karatunka shi ne lokacin da za ka yi kuskure a gyara maka ba tare da an kore ka ba.

Alawus na ITF kada ka gina komai a kansa. Kuɗi ne kaɗan, kuma yakan zo bayan an gama da daɗewa. Saboda haka lissafa kuɗin adaidaita sahu na kwana ashirin da biyu a wata tun yanzu. Daga Gwale zuwa Sharaɗa lissafi daban, zuwa Bompai ko Challawa daban. Ɗalibai da yawa suna fara fashin zuwa a wata na biyu ba don lalaci ba, kuɗin mota ne ya ƙare.

Injiniya_Sharaɗa ya rubuta:

Malam ya gama magana a kan takardu. Ni zan ƙara a kan abin da ya kamata ka fito da shi a hannunka, yaro na, tunda lantarki kake karanta.

A Kano yau, ɗan lantarki yana da hanya uku: sashen gyara na masana'anta, 'yan kwangilar wayarin na gidaje, da masu haɗa sola. Masana'antun roba, fata, abinci da man gyaɗa na Sharaɗa, Challawa da Bompai suna da abin koyo da ba ka samu a ko'ina: injin juyawa na lantarki (motor) mai layi uku, kwantakta da haɗin sta-delta na tayar da shi, canjin wuta tsakanin janareta da layin KEDCO, kamfanin rarraba wuta. Idan ka samu matsakaiciyar masana'anta mai ma'aikatan lantarki biyu ko uku, riƙe ta da kyau, don su suna buƙatar ƙarin hannu da gaske. Amma ka tabbatar sashen gyara aka sa ka, ba layin cika kwali ba. Ana yin haka, a karɓi ɗan IT a tura shi ɗaurin kaya, leburanci kyauta.

Idan wannan bai samu ba, ni a ganina ƙaramin kamfanin sola mai rajista da hatimi ya fi ofis mai sanyi. Sai dai ka fara tambayar sashen SIWES na makarantarku ko sun amince da wurin.

Ga ma'aunin da za ka auna kanka da shi. In wata huɗu ya cika, ya zama kana iya shiga gida ka lissafa lodinsa da kanka. Misali fanka biyu masu wat 70, ƙwan fitila shida masu wat 10, talabijin mai wat 80, jimla wat 280. In za su yi awa shida da dare, wat-awa 1,680 ke nan. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗaukar 2,400 a rubuce, amma irin mai ruwa ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, don haka 1,200 kake da shi. Batir ɗaya bai isa ba, biyu ake so, a jere su su ba da bolt 24 idan inbatar ta 24 ce. Yawancin batiran da ke mutuwa kafin shekara a gidajen mutane, rashin wannan lissafin ne ya kashe su, sai kuma firji da dutsen guga da ake ɗorawa daga baya.

Ka san jerin haɗi: batir ake fara haɗawa da kwantirola, na'urar da ke daidaita caji, kafin fanel, don ta gane bolt ɗin da za ta yi aiki da shi. In ka fara da fanel kana iya ƙona ta. Ka karanta takardar da ke manne a bayan fanel, ka tara bolt ɗinsu idan ka jera su, kada ya wuce abin da kwantirola ke ɗauka. Ka gwada ja da baƙi da mita kafin ka ɗaure, kada ka yarda da launin waya, domin akwai masu ƙarasa aiki da ragowar wayar da ta samu. A nan Kano fanel kudu yake fuskanta, da ɗan karkata kamar digiri 12 zuwa 15, ruwa ya riƙa gangarewa. Lokacin hunturu ƙura na rufe shi, mai gida ya kira ya ce sola ta lalace, alhali wanki take so. Batir mai ruwa kuma tataccen ruwa (distilled water) ake ƙara masa, ba na famfo ko na leda ba.

A wayarin gida, 1.5mm ta fitila ce, 2.5mm ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita suna son 4mm ko sama, kowanne da burekarsa. Siririyar waya a babban lodi tana zafi, robarta ta narke a cikin silin, shi ne gobarar da ake cewa "wuta ce aka kawo da ƙarfi".

Ka sayi testa, filaya, sukundireba biyu da ƙaramar mita naka na kanka. Ba su da tsada sosai, kuma maigida yana saurin miƙa aiki ga yaron da ya zo da kayansa. Takalmi rufaffe mai roba, ban da silifa. Kada ka taɓa waya don wani ya ce ya kashe wuta, kai ma gwada. A gidan da ke da inbata, kashe ta KEDCO bai kashe gidan ba.

Abu na ƙarshe, ladabin wurin. Makon farko shara da ɗauko tsani za ka yi, wannan ba raini ba ne, haka kowa ya shiga. Amma in an ci wata guda ba a ba ka waya ka fere ba, ka samu maigidan shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ka nuna masa logbuk ka ce makaranta na buƙatar ka yi abu kaza da kaza. Yawancinsu suna sakin hannu in an bi ta nan.

Anti_Tarauni ta rubuta:

Ɗana, maganar Baba kada ku yi gaggawar ture ta. Yana da hujja, domin akwai wuraren da ke amfani da sunan aikin sa kai su samu ma'aikaci kyauta: yarinya ta riƙa fita takwas zuwa biyar, Litinin zuwa Juma'a, shekara guda, da alƙawarin "in gurbi ya samu". Wannan ba sa kai ba ne, cin gumi ne. Abin da ke raba su shi ne iyaka. Kwana biyu ko uku a mako, wata uku zuwa shida, aiki sananne, mutum ɗaya da take ƙarƙashinsa, kuɗin mota a ranar da aka tura ta unguwanni, da takardar shaida a ƙarshe. A rubuta waɗannan ko da a shafi ɗaya ne. Wurin da ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ta amsa.

In za a shawo kan Baba, a kai masa abin da zai gani: sunan wurin, unguwar da yake, lokacin fita da dawowa, da lambar matar da za ta kula da ita. Ya fi kyau shi ko wani babba a gidan ya raka ta ranar farko. Iyaye da yawa ba rashin biyan ne ke damunsu ba, rashin sanin inda 'yarsu take ne. Kuma ku tuna masa abin da ya gani da idonsa. Kano ta daɗe tana cikin wuraren da shan inna ya fi kamari, amma tun 2014 ba a sake samun mai nau'in cutar na asali a jihar ba, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan akwai matan unguwa masu wayar da kai da ke bi gida-gida, suna rubuta masu juna biyu da jarirai, suna halartar suna, suna shiga inda namiji ba ya shiga. Ɗan ihisani ake ba su, ba albashi ba.

Ga mai digirin zamantakewa, wuraren da suka dace su ne asibitin sha-ka-tafi na unguwa a ranakun awo da riga-kafi, sashen walwalar marasa lafiya na manyan asibitoci, gidan marayu, makarantun yaƙi da jahilci na matan aure, da ƙungiyoyin da ke aikin ilimin 'ya'ya mata ko fasahar zamani, irin su CITAD da ke nan Kano. Na asibitin unguwa, ta fara da shugabar asibitin, ita za ta gaya mata ko sai an kai takarda sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ta sani cewa ba ma'aikaciyar lafiya ba ce: rajista, tsara layi, bayani ga iyaye mata, bibiyar waɗanda suka yi fashin riga-kafi, nan ne iyakarta. Ko an miƙo mata sirinji ta ƙi karɓa. Kuma abin da ta gani a fayil ɗin mutane a nan yake tsayawa, ba hoto, ba labari a WhatsApp.

Kafin ta shiga kowace ƙungiya, ta duba sunanta a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, binciken kyauta ne. Ta je ofishin da rana, ta tambayi aikin da suka yi a wata shidan da suka wuce da unguwar da aka yi shi. Ƙungiyar da duk abin da take da shi riga da hula da hotuna a Facebook ne, ba abin da za ta koya a can. Duk wanda ya ce ta biya kuɗin fom, ko ya nemi lambar BVN ɗinta don "a saka ta a tsari", ko ya kira ta ganawa a otal, ta yanke hulɗa nan take, ta kuma gaya wa gida.

Abin da ya kamata ta fito da shi guda uku ne, kuma su ake tambaya a intabiyu: tattara bayanai a waya da manhaja irin KoboToolbox ko ODK, tsara su a Excel, da rubuta rahoto na shafi biyu da Turanci da Hausa. Ta riƙe ɗan littafi tana rubuta adadi, gida nawa ta shiga, mata nawa ta yi wa bayani, yara nawa aka dawo da su riga-kafi. A CV, "na yi aikin sa kai" ba ya ɗaga kan kowa. "Na ziyarci gida kaza a mazaɓa kaza cikin wata huɗu, na shigar da bayanansu" shi ke sa a kira mutum. Takardar shaida kuma ta nema mako biyu kafin ta tafi, a kan takarda mai tambarin wurin, da ranar farawa da gamawa da ayyukan da ta yi. In ta bari sai ta tafi hidimar ƙasa, wataƙila a sauya wa shugabar wurin aiki, wadda ta zo ba ta san ta ba.

Ɗan_Agaji_Fagge ya rubuta:

Na yarda da Anti, amma ina jin tsoron kada matasa su ɗauka cewa aikin sa kai tsani ne na CV kawai. Mu a garin nan mun gaji aikin gayya. Matasan da ke fitowa yashe kwata kafin damina, da 'yan agajin Jama'atu, Izala da Fityanu da ke tsayuwa a Idi da tafsiri da jana'iza, da masu zuwa ba da jini, ba takarda suke nema ba. Kuma abin da ake koya a nan yana da wuyar samu a aji: zuwa a kan lokaci, bin umarnin shugaba ko da ka girme shi, magana da mutum mai fushi ba tare da kai ma ka hau ba.

Shawarata gare ku duka biyu, ku yi horon taimakon gaggawa. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1960, tana da reshe a Kano kuma tana ba da shi. Kai ɗan lantarki ma ya fi zama maka dole. Wanda wuta ta kama, a fara kashe wutar ko a ture wayar da busasshen katako, kada a taɓa shi da hannu. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura iska sau 2, dannawar da sauri kamar 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja, don suna riƙe zafi kuma suna jawo ƙwayoyin cuta. Wanda ya faɗo daga tsani yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a cusa a adaidaita sahu a naɗe. Karantawa a nan bai isa ba, sai an gwada a kan mutum-mutumin horo a gaban malami.

Gargaɗi ɗaya: in zaɓe ya matso, ƙungiyoyin "sa kai" suna yawaita. Ku duba wa ke ɗaukar nauyi kafin ku sa riga.

Ɗan_Gwale ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na nuna wa yayata kuma za mu zauna da Baba. Tambaya ɗaya ta rage. Wani shagon sola ya ce zai karɓe ni amma sai na biya kuɗin koyo. Hakan daidai ne?

Malamin_Fasaha ya rubuta:

A tsarin SIWES ɗalibi ba ya biyan wurin aiki. Abin da ya faru shi ne mai shagon ya ɗauke ka a matsayin ɗan koyon sana'a, wanda a al'adar masu sana'a akan kai wani abu, amma shi wannan yarjejeniya ce ta shekara biyu ko uku da ke ƙarewa da yaye. Taka wata huɗu ce, kuma hannu kake kawo masa. Ka koma tare da wani babba daga gida, ku kai masa takardar makaranta, ku yi masa wannan bayanin, ka ce za ka zo da kayan aikinka kuma ba ka neman ya biya ka. Da yawa suna janyewa a nan.

In ya dage, tambaye shi kuɗin na mene ne. Idan darasi ne na daban, mai ranaku da jadawali da kayan gwaji, to kwas ne, sai ku auna a gida ko kuna so, a ba ku rasit. Idan kuɗin karɓa ne kawai, ka wuce wani wurin. Ka kuma je ofishin SIWES na makarantarku ka nemi jerin wuraren da ɗaliban bara suka yi, ka samu biyu daga cikinsu su gaya maka inda aka bar su suka taɓa aiki. Yi wannan a makon nan, domin wurare masu kyau mutum biyu ko uku kawai suke ɗauka.